Kifin da Iya Ta Ajiye wa Bulus

Kakata, wadda duk ƙauyenmu ke kira Iya, ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutarta ta aiki ce. Ƙauyenmu yana kusa da Auyo, a bakin fadama, kuma idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, masunta kan cika mata tsakar gida da tarwaɗa da karfasa, ita kuwa ta yi ta banda tun la'asar. Mu yara sai mu zagaye ta da sunan taya ta juya kifi, alhali kowa ya san kunne muka kawo da ciki. In hayaƙi ya sa mu hawaye, sai ta dube mu ta ce, "Tun ban fara ba kuna kuka?"

Mu biyu ne ba ma fashi, ni da Bulus. Mahaifinsa malamin firamare ne da aka turo mana daga kudancin Kaduna, aka ba su gida jikin katangarmu. Iya takan kira ni Maigida, irin wasan kaka da jika, amma da Bulus ya zo sai ta ce ta yi sabon miji, ni na tsufa, ko cefane ba na kawowa. Abin yana ƙona min rai ba kaɗan ba, musamman da na lura kan tarwaɗa mafi girma a hannunsa yake ƙarewa. Ran Lahadi in ya dawo daga coci da farar rigarsa, sai ta ce, "Ku ba Ango hanya." Shi kuma ja'irin har wani taku yake canzawa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga ta can tafe a kwalekwale." Mu ce, "Ta iso gaɓa mu tare ta." Wadda ta fi yi mana, har muka haddace, ita ce ta taron tsuntsaye.

Wai duk shekara in ruwa ya cika fadama, tsuntsaye sukan taru a wani tsibiri kowa ya faɗi abin da ya samu. Gauraka ke kiran suna. Shamuwa ta ce ta ga ƙasashe, dinya ta ce ta yi ƙiba har tashi yana yi mata wuya, belbela ta ce yanzu shanun attajirai take bi. Duk wanda ya faɗa sai a rangaɗa masa guɗa. To akwai wata kirinjijiya, 'yar agwagwar ruwan nan mai farar fuska, da ambaliya ta kwashe mata ƙwai. Ta taho taro, ta jiyo guɗa daga nesa, sai ta tsaya cikin ciyawa tana tunanin abin da za ta ce. Da aka kira sunanta, zalɓe ya ga bai kamata a yi shiru ba, ya ce, "Tana nan lafiya, tana gaishe ku." Shekara ta zagayo, wani ya ce ai ya ji ta yi ƙyanƙyasa. Wata shekarar aka ce 'ya'yanta sun cika tafki. Ita kuwa tana cikin ciyawa tana jin su, labarinta yana ƙara girma, fitowa tana ƙara yi mata wuya. Ranar da wutar rani ta cinye ciyawar, gashinta kawai aka tarar.

"Shi ya sa," in ji Iya tana juya kifi, "in magariba ta yi kuke jin kirinjijiya suna kewaya fadama suna fito. 'Yar'uwarsu suke nema, bayan nema ya daina amfani. Ta koma ruwa, ku tashi ku ba ni wuri."

Na tuna Bulus ya taɓa tambayarta, "Iya, zalɓe mugu ne?"

Ta ce, "Ina fa, Ango. Bakinsa mai kirki ne, ƙafarsa ce ba ta da kirki. Ga ta doguwa, amma bai taka ya duba ba."

Tare muka shiga kwalejin horon malamai a Haɗeja, tare muka fito. Aka tura ni wajen Kafin Hausa, shi aka tura shi can Birniwa. Na je bikinsa ranar da ya auri wata yarinyar garinsu mai suna Rahila, na ci shinkafa na yi rawar da ba a koya min ba. Daga nan rayuwa ta ja kowa. Na yi aure, yara suka zo, hanyar Birniwa kuma ba ta kan hanyata.

'Yan ajinmu suka kafa taron tsofaffin ɗalibai, duk hutun ƙarshen shekara a ɗakin taron kwalejin. Yadda ake yi, shugaba ya kira sunanka, ka miƙe ka faɗi inda kake da abin da Allah ya yi maka. Wannan ya zama hedimasta, wancan ya koma jami'a, wani ya sauke farali, wani matarsa ta haifi tagwaye. A tafa, a sha lemo, a tsokani masu teɓa. Ina son taron nan, ba zan ɓoye ba, don shekarar da aka yi min ƙarin girma tun a mota nake gwada yadda zan faɗa. In kuma aka kira wanda bai zo ba, ba ma barin sunansa ya faɗi ƙasa. Dole wani ya amsa masa, don a wurinmu yin shiru a kan sunan ɗan'uwa kamar zagi ne.

Bulus ya zo taron farko. Daga nan ba mu ƙara ganinsa ba. Shekarar da ya fara fashi wani ya ce, "Yana lafiya, yana gaishe ku." Aka tafa. Wata shekarar wani ya ce ya ji ya koma Jos, ya samu babbar makaranta. Kafin a jima har an ba shi mota. Duk muka yarda, don Bulus ne ya fi mu ƙwaƙwalwa, kuma in an ce ya yi nisa babu mai mamaki. Ni har fushi na yi da shi, na ce ya samu duniya ya manta hayaƙin Iya.

Duk in an tashi taro nakan kwana a Haɗeja, washegari in wuce ƙauye. Lokacin banda ne, in tarar da ita bakin wuta, idon ya soma rauni amma bakin yana nan. Kafin in zauna sai ta ce, "Maigida, Angona fa?" In ce, "An ce yana Jos, Iya, har da mota." Ta ce, "An ce? Wa ya gani?" In yi dariya in ce kishi take sa ni. Sai ta kira yaran gidan ta yi musu tatsuniyar kirinjijiya, ni ina gefe ina gyangyaɗi, ina cewa a raina tsufa ya cinye mata sauran tatsuniyoyin.

Shekarar da ba zan manta ba, shugaba ya kira sunan Bulus, wani har ya buɗe baki zai amsa, sai wata mata ta miƙe daga kujerar baya. Ban gane ta ba sai da ta yi magana, saboda ramar da ta yi. Rahila ce.

Ta ce, "Malamai, sannunku. Baban Iliya ya huta tun damina. Ba mu taɓa zuwa Jos ba, muna nan Birniwa. Aikinsa ya ƙare tun da daɗewa, ba a sabunta masa ba. Ɗanmu Iliya ma ƙyanda ta ɗauke shi, ba mu ƙara samun wani ba. Kananzir muke sayarwa a kwalba, har ciwon tari ya kwantar da shi." Ta tsaya ta gyara ɗankwalinta. "Kowace shekara sai ya sa na goge masa farar riga ya taho taron nan. Yana dawowa in ce yaya taro, ya ce ya kai bakin ƙofa, ya ji ana tafa masa. Ya ce, Maman Iliya, mutanen nan sun saya min mota, ta yaya zan shiga da ƙafa? Na zo ne kawai kada bana ma a tafa."

Ba wanda ya iya ɗaga ido. Ni kuwa ƙofar da take faɗa ina ganinta daga inda nake zaune.

Ban kwana a Haɗeja ba. Na isa ƙauye ana kiran magariba, na tarar da Iya a bakin wuta. A hanya na shirya yadda zan lallaɓa maganar, amma isowata a ranar taro ta riga ta faɗa mata, ba ta tambaye ni Angonta ba. Ta nuna min wani kwando a rufe da faifai, ta ce, "Buɗe." Manyan kawunan tarwaɗa ne, an zaɓe su an ware.

Ta ce, "Nasa ne. Duk ranar taronku nan yake zuwa da azahar, da farar rigarsa. Ya ci kifi, ya faɗa min abin da ya same shi, mu yi kukanmu, ya kama hanya kafin ka iso. Yau tun hantsi nake jin motsin ƙofa."

Na ce, "Iya, kin sani duk shekarun nan? Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ya haɗa ni da Allah kada in faɗa. Bai ce kada in yi tatsuniya ba." Ta share ido da bakin zani, ba ta kuma ɗora wa hayaƙi laifi ba. "Na yi ta yi maka, Maigida, har yaran gidan nan suka gaji."

Muna zaune kirinjijiya suka taso daga fadama suna fito a kanmu.

Iya ta rasu ba da jimawa ba. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koyar da cewa kada mutum ya ji kunyar talaucinsa, wato laifin na kirinjijiya ne. Sai da na girma na gane Iya ba da ita take ba, da masu guɗa take. Babu wanda ya ƙi Bulus a cikinmu. Ƙauna ce ta sa muka yi ta ɗinka masa labari mai kyau, har ya yi masa girman da ba zai iya sawa ba. Mun tanadi wuri don mai ƙarin girma da mai tagwaye, ba mu tanadi kujera ɗaya ba don wanda zai miƙe ya ce bana ban samu komai ba, ɗana ma ya mutu. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ta ajiye masa wannan kujerar.

Har yanzu ina zuwa taron, amma na daina zama a gaba. A bakin ƙofa nake ajiye kujerata, rabin jikina a waje, ina duban hanya. In aka kira wanda bai zo ba wani ya ce yana lafiya, sai in ɗaga murya in ce, "Wa ya gani?" Wasu suna cewa na cika ɓata taro. Bana ma na ga wani da farar riga ya rage tafiya a tsallaken titi, na tashi na bi shi da sauri, ashe mai jiran mota ne.