Yahaya, Ka Tafi Ka Bar Ni Cikin Gumaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 19 ga Fabrairu 1964, ko lallen ƙaramar salla bai goge ba, sanƙarau ya ɗauke jikana Yahaya masassaƙi, a gidanmu na unguwar Bukoki. Ni Raliya, kakarsa, nake wannan rubutu da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga gurgun harafi ya tallafa masa.

Yahaya, angona na wasa, ba ka taɓa shigo mini hannu Rabbana ba. Macen da turminta ya tsage a unguwa, kai ne mai ɗinke shi, ladanka ludayin fura. Kai ka sassaƙa mini sanda, ka ce don in riƙa korar zawarawa.

Watannin baya aka buɗe baje kolin mutum-mutumi a tsohon gidan kumandan Baturen mulki, gidan nan mai kallon kogi. Duk abin da ke ciki aro ne daga gidajen tarihi na ƙasashen waje, in an gama a mayar. Aka ɗauke ka aikin buɗe akwatuna da yi wa gumakan mazauni. Akwati ɗaya bai iso ba, kusurwa ta zauna wayam, sai ka cike ta da abin da ka sassaƙa a ɓoye.

Ka ce in zo in ga ikon Allah. Na ci ado na je. Na wuce gumaka tsirara ina kare fuska da mayafi, sai ga ni. Ni ce, da itacen maɗaci: baki wangame ina dariya, ɗankwali a karkace, ko giɓina ba ka yafe mini ba. Wata Baturiya ta dube ni, ta dubi itace, ta tafa hannu. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Na ce, "Ɗan nema, cikin masu tsiraici ka tsayar da ni?"

Ka ce, "Kaka, ke kaɗai ce mai zane a ɗakin nan, gode mini za ki yi."

Na ce aure ya mutu, ka ba ni takardata.

Ashe babbar kunyar tana gaba. Ranar sadakar uku, Moussa shugaban baje kolin ya zo gaisuwa. Ya ce za a rufe, kowane aro zai koma inda ya fito, amma tsohuwar itace ba ta da gidan komawa, mu zo mu ɗauka. Babanka ya ce gunki ba ya kwana a gidansa mala'iku su ƙaurace masa, a faskara a sa a murhu. Baffanninka suka ce haka ne. A gaban baƙo, a kan tabarmar makoki. Matarka Aisa ta sunkuyar da kai. Ban ce babanka ya yi ƙarya ba, daga malamai ya ji. Amma ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, muna shawarar ƙone aikin hannunka.

Da safe na dogara sandata har gidan baje kolin, na tarar ana buga wa akwatuna ƙusa. Na ce wa Moussa, "Ɗana, tambaya mini gidan tarihin garin nan, ko suna karɓar aron tsohuwa? Ba ta ci, ba ta sha, surutun ma ta daina."

Ya yi dariya, ya share ido, ya ce, "Inna, an karɓa."

To, ka ci nasara. Can zan tsaya da baki buɗe, 'yan lakwal, yaran boko, da nasara farar fata suna kallona, har bayan an binne ni. Matan Babbar Kasuwa kuwa da sun hango ni sai, "Ga ta nama, ina ta itace?" Na ɗauka. Kunya ta fi toka sauƙi.

Ya Allah, Kai ka san zukata. Bai yi don a bauta ba, wasan jika da kaka ne. In hannunsa ya yi kuskure Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa aljanna ce makomarsa. Ina yi wa mahaifiyarsa ta'aziyya, da Aisa, da abokan aikinsa, Allah ya ba mu haƙuri. Babanka kuma, Allah ya sanyaya zuciyarsa. Har yau bai yi mini magana ba, amma na ga ya naɗe gizagonka na sassaƙa cikin tsohuwar rigarsa, ya tura ƙarƙashin gado.