Dayod ɗaya ya rage, Malam Umaru ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan koko aka kira ni, wai Malam Umaru ya faɗi a ƙofar gidansa a Gesse yana tada babur. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Tare muke aikin injinan sadarwa. A ɗakin injinmu na Argungu akwai wani tsohon akwati, agogon atom, shi ke daidaita wa turakun sabis lokaci. In ya kauce, waya ta daina shiga daga nan har ƙauyukan fadama. A cikinsa akwai dayod, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, wanda in ya tsufa sai an canja. An daina ƙera irinsa. Malam Umaru kaɗai ke iya canja shi, ni dai riƙe masa fitila nake.

Mutumin kirki. Ranar da aka kwantar da matata, shi ya yi mini aikina na sati guda, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Larabar da ta wuce muka je Argungu, don agogon ya fara kunna jar wuta, alamar dayod ɗinsa ya tsufa. Ya nuna mini dayod na ƙarshe da ya rage mana a 'yar leda, ya miƙo mini ƙarfen dalma mai zafi da ake liƙa shi da shi.

"Taho ka gwada bisa wani mataccen dayod, Sarkin Tsoro. In ka aza ƙarhen, Subhanallahi ukku kaka yi, ka ɗauke shi. In ka ƙara ta huɗu, ya ƙone."

Na yi dariya na ce, "Malam, bari sai wani zuwa."

"Wane zuwa? To, Allah shi kai mu." Haka muka dawo ba a canja dayod ɗin ba.

Ga sakarcina: shekara da shekaru ina tsaye kusa da shi, ban taɓa jin tasbihin nan a fili ba. A zuci yake yi. Da sauri ne ko a hankali, ban sani ba, ban tambaya ba.

Allah ya gafarta maka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya rufa wa iyalinka asiri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku sa da ni. Daga maƙabarta, Argungu zan wuce in buɗe akwatin in canja dayod ɗin, kuma babu wanda zan kira in tambaya.