Dutsen Da Baba Ayuba Bai Zaɓa Ba

Duk Unguwar Boro an san Baba Ayuba mai tamfol da hali guda: ba ya ƙarya a kan ɗinki. Ka kawo masa rumfar biki da ta yage, zai bi bakin ɗinkin da babban yatsa, ya gaya maka gaskiya ko da za ta hana shi aikin. "Wannan kai ta bola, Oga, kada ka wahal da ni." Ga saurin tsaki, ga taurin kai, amma idan ya ce ɗinki zai riƙe, to zai riƙe. Sau ɗaya tak ya yi ƙarya a kan ɗinki, kuma ita ce ke cinsa har yau.

Daga gindin duwatsun Kagoro ya zo Kaduna yana saurayi, ya shiga masaƙa a Kakuri. Shekara goma sha tara ya yi a ciki, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Sai ya samo tsohon keken ɗinki mai cin zare mai kauri, ya kafa shi a bakin titi, ya shiga ɗinka tamfol na motocin kaya da kanofi na coci, na biki da na makoki.

Shi da matarsa Janet sun haifi 'ya'ya uku, kuma duka ukun da sikila suka zo. A zamanin aurensu ba wanda ya ce musu su gwada jini. Ernest ya rasu yana da shekara shida, Sam yana da tara. Aka bar musu Celina, auta. Daga nan Ayuba ya sa yarinyar a tafin hannu ya dunƙule. Ba wanka da ruwan sanyi, ba fita idan hadari ya haɗo, ba guje-guje. Ranar Litinin ta Ista, idan 'yan coci suka kwashi shinkafa da ganguna suka tafi Galili, wato hawan tudun da ake yi don murnar tashin Almasihu, Celina tana gida cikin suwaita, tana leƙensu ta taga.

Ta rayu, ta kai shekara ashirin da takwas, ta zama malamar labarin ƙasa a wata sakandare a Mahuta. Abin dariya abin tausayi: yarinyar da ba ta taɓa hawa ko tudun Galili ba, ita ke koya wa 'ya'yan mutane tsawon duwatsun duniya.

Wata Asabar da rana ta same shi a shago, ta zauna a kan naɗaɗɗen tamfol, ta miƙa masa waya. A bidiyon, mutum biyu ne aka ɗaure su tare da igiyoyi, gwani a baya, baƙo a gaba. Suka ruga zuwa bakin dutse, wata doguwar lema mai kama da fiffike ta cika da iska a samansu, sai ga ƙafafunsu suna reto a sarari.

"Waɗannan ba su da iyaye ne?" in ji Ayuba.

Celina ta yi dariya. "Baba, ni ma ina so in tashi. Sau ɗaya dai. Ba ni zan tuƙa ba, zama kawai zan yi."

Ta zaro takarda, ta karanta masa duwatsu uku. Akwai na Kerio a Kenya, shi ya fi kyau a ido, amma likitanta ya ce tsawonsa ya yi wa jininta yawa. Akwai na Cape Town, a bakin teku, sai dai iskarsa da sanyi. Sai na Kwahu a Ghana, inda ake tashi lokacin Ista. Likita ya ce wannan da dama-dama, in ta sha ruwa sosai ta riƙe magungunanta.

"Kai za ka zaɓa," ta ce. "Kai ka binne biyu. Ba zan tafi ba sai da bakinka." Sannan ta ƙara da murmushi, "Kuma na san halinka, shi ya sa na roƙi matuƙin Ghana ya ɗauko mini hoton ɗinkin lemar kusa-kusa."

Ayuba ya gyara tabarau, ya ja hoton da yatsu biyu. Layi biyu ne na zare, a miƙe, ba inda allura ta yi tsalle. Duk wurin da igiya ta kama an ninka ƙyalle an sake bi. Shekara arba'in yana mu'amala da zare, bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Nan take ya san lemar za ta ɗauki mutum biyu ta sauke su lafiya. Sai ya hango 'yarsa a sararin sama, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ya mayar mata da wayar. "Ɗinkin nan bai yi mini ba. Bari in yi addu'a a kai."

Duk wanda ya tashi a coci ya san ma'anar wannan magana a bakin dattijo: a'a ce, an dai sa mata kayan Lahadi. Celina ma ta sani, amma ta ninke takardarta ta ce, "To, Baba."

Ista ta zo ta wuce. Ayuba ya ce aikin kanofi ya sha masa kai. Wata Istar ta zo, ya ce yana tunanin na Cape Town, bayan shi da bakinsa ya ce sanyin can zai kwantar da ita. Idan ta kawo masa abinci shago takan tsokane shi: "Baba, har yanzu amsar ba ta sauko ba?" Shi kuwa ya ce, "Ke dai ki bari, ba a yi wa Ubangiji gaggawa." Janet ce ba ta iya wasa da maganar ba. "Baban Ernest, ka ji tsoron Allah. Ba addu'a kake yi ba, jan ƙafa kake yi." Ya yi tsaki ya taka kekensa.

Bayan Ista ta uku, cikin watan Agusta, ciwon ya tashi. Ba ruwan sama ne ya dake ta ba, ba dutse ta hau ba. A ɗakinta ya same ta, cikin bargo biyu, taga a rufe kamar yadda ubanta yake so. Ciwon ya kama ƙirjinta. Kwana huɗu ta yi a asibiti, ranar Alhamis da hantsi ta cika. Ayuba da hannunsa ya kafa kanofin makokin, ya hana kowa taɓa igiya.

Mako biyu bayan jana'iza, Janet tana kwashe kayan ɗakin, ta buɗe Littafi Mai Tsarki na Celina. A ciki akwai fasfo, an yi shi shekara uku da suka wuce, ko hatimi ɗaya babu. Ga kuma takardar nan, ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa. Duwatsu uku a jere, a ƙasa ta rubuta "Zaɓin Baba", ta ja layi ta bar shi fili.

Janet ta kai masa takardar shago ta ajiye a kan keke. Ayuba ya daɗe yana kallon layin. Baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko a kabarin 'yan mazan ya danne shi, domin su ciwo ne ya hana su komai, ita kuwa shi ne ya hana ta. Ya zaro fensirin da yake awo da shi daga bayan kunne, ya rubuta "Kwahu" da manyan baƙaƙe.

"Tun yaushe ka zaɓa?" in ji Janet.

"Tun ranar da ta nuna mini."

Ya cire tabarau, ya share ido da bayan hannu, amma hawayen suka ƙi tsayawa.

"Maman Ernest," ya ce, "ɗinkin nan ba shi da aibu ko kaɗan."