Busar Kawu a Wadi Hanifa

Fomanmu, ɗan garinmu kuma, ya mai da ni abin dariya a gaban Larabawa.

Ranar Juma'a muka raka masu gida shan iska Wadi Hanifa, wani kwari da ake shaƙatawa a gefen birni. Da na ga kurciya a kan reshe, sai bakina ya suɓuce, na ce marigayi Kawuna yana kiran irinta da busa. Foman ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, ya ce, "Yalla, yi mana." Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, na hannunsa, ta kusa ƙarewa. Na haɗa tafuka na busa. Suka ce in ƙara, na ƙara, suna ta ƙyaƙyatawa.

Kawu ya yi shekaru yana zaga da baƙi masu kallon tsuntsaye a gandun daji can gida. Na taɓa bin sa da sassafe, raɓa ta jiƙa mana wando, ga warin kashin giwa. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya busa sau ɗaya. Kurciya ta amsa. Wata Baturiya ta roƙe shi ya sake, ya girgiza kai. "Ta amsa don ta ga dama. Ba a wasa da mai amsawa."

Wannan busar ce na zubar a ƙasa. Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya sa tsuntsayen Aljanna su amsa masa.

Washegari na tare foman a unguwar Sulay. Na ce, "Malam, goge bidiyon nan a gabana. Iƙama kuwa, in ka ga dama ka jiƙa ka sha."