Kaskon Tsohuwar Funshal

Ina gaida masu karatu. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni matashi ne da bai fi shekara biyu da aure ba, haifaffen Alabar a Zangon Kumasi. Goro ne ya kawo kakana daga Kano, amma ni ban gaji fatauci ba, girki na koya, har na zama kuku a gidan wani Bature mai sayen koko. Ina jin Hausa, ina jin Tonanci, wato harshen Asantawa, kamar a cikinsu aka yanke mini cibiya, ga ɗan Turancin da na tsinta a bakin murhu. Wannan ya sa nake ji da kaina. A majalisa in ana gardama a kan wata kalma ni ake jira, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Bayan yaƙin Jamus da 'yan shekaru zazzaɓi ya kwantar da maigidana har ya koma kamar kara. Likita ya ce a kai shi wani tsibiri na Fotugis da ake kira Madera ya sha iska. Shi kuwa ya kafe sai da ni, don ba romon da yake iya haɗiyewa sai nawa. Mahaifiyata ta yi kuka, ta kama hannuna ta ce ba ruwan teku take ji mini tsoro ba, abin da zan sa a baki take tsoro, in rantse mata ba zan kusanci alade ko giya ba. Na rantse. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Sekondi, daga can muka shiga na ruwa.

Ranar da muka hango Funshal, babban birnin tsibirin, wallahi sai da na manta da amai da jirin da suka yi kwanaki suna wahalar da ni. Gari ne da aka ɗora a jikin dutse tun daga bakin ruwa har inda gajimare ya rufe, gidaje farare fat masu jan rufi, wannan bisa wancan, ga furanni suna zubowa ta kan katangu kamar an shanya atamfa. Rana tana haskawa amma ba ta cizo. Titunan an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu masu sulɓi, kuma shanu ne ke jan mutane a kai cikin wani abin hawa marar ƙafa ko ɗaya, ana shafa wa ƙasansa kitse yana zamewa. Na tsaya baki sake ina ta subhanallahi, har wani mai dako ya ture ni.

Masaukin da aka kai maigidana yana da nasa masu girki, don haka da na haɗa romon safe sai in zama ɗan gararamba har la'asar. Ba lungun da ban shiga ba. Akwai lambu a tsakiyar gari inda masu bushe-bushe ke wasa da yamma, attajirai na zaune a kujeru a waje suna kurɓar gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Akwai ɗakunan giya masu sanyi cike da ganguna, waɗanda nake wucewa da sauri ina toshe hanci. Can bisa dutse kuma akwai inda ake sa mutum cikin wani babban kwando, ƙarti biyu masu fararen kaya su gangaro da shi a guje har cikin gari. Sau ɗaya na hau, na karanta duk abin da na haddace kafin mu iso. Na ga masu tsire nama a jikin ɗanyen itace mai ƙamshi suna gasawa, har yawuna ya tsinke, amma da yake ban san wanda ya yanka ba sai na haƙura. Kwana huɗu burodi da ayaba kawai nake ci.

A wajen sayen burodin nan ne kaina ya ƙara kumbura. Na ji suna kiransa da wani suna kusan daidai da paano na Tonanci, takarda ma sunanta ya yi kama da krataa. Na ce ashe mutanen nan Tonanci suke yi, hanci ne kawai ya yi musu yawa.

Rana ta biyar na gangara unguwar masunta, na yi azahar a kan tsakuwar bakin teku. Da na sallame sai na ga wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali tana kallona daga ƙofar wani ɗan ɗaki da hayaƙi ke fita. Ta yafito ni. Ɗakin cin abinci ne na talakawa, benci biyu da tebur ɗaya, ga wasu hanji-hanji na nama a rataye. Na nuna su na girgiza kai da ƙarfi, don gudun alade. Ta dube ni, ta dubi inda na yi salla, ta gyaɗa kai, ta ba ni gurasa mai zafi da aka gasa a kan dutse da ruwan rake, ta yi mini alamar in dawo gobe. Da na dawo sai ta ajiye mini wani dogon baƙin kifi mai farin nama, da wani abu da na ɗanɗana na kusa hawaye. Tuwon masara ne, jama'a, irin namu, an bar shi ya kwana, an yayyanka an soya. Ban taɓa zaton zan tsallake teku in tarar da ɗumame ba.

Daga ranar ban sake fashi ba, kusan sati uku. Ba ma jin juna amma hira muke yi. Ina kiranta Inna, ita kuma in na cinye sai ta ƙara mini tana faɗa, irin faɗan da iyaye ke yi wa ɗan da ya rame. Ta nuna mini hoton wani saurayi, ta nuna teku, ta buɗe tafin hannunta wayam, na gane ɗanta ne, ruwa ya ci shi. Masuntan da ke ci a wurin suka saba da ni, in na shigo su matsa mini wuri. Na taɓa kai mata goro ɗaya daga guzurina, ta gatsa ta yamutsa fuska, aka yi ta dariya har da ni.

Ana saura kwana biyu mu tashi, na yi mata alamar jirgi. Ta jawo ni har bakin murhu, ta ɗauko kaskon da take soya mini abinci, da tuwo a ciki, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa tana murmushi, ta faɗi kalma biyu. Abin da kunnena ya ji shi ne, “Preko nan.” Preko a Tonanci alade ne, nan kuma kowane Bahaushe ya san nan. Ta sake maimaitawa tana nuna cikin kaskon. Sai na ji duniya ta juya mini. Na tuna rantsuwar da na yi wa mahaifiyata, na tuna sati uku ina lashe yatsa, murmushin nata kuma ya koma mini na mugunta. Na fizge kaskon na yi jifa da shi ƙasa, na tofar da yawu a gabanta, na zage ta da Hausa da Tonanci, zagin da ba zan iya rubutawa ba. Masunta suka miƙe, ta ɗaga musu hannu. Ta durƙusa da ƙyar tana tattara tuwon da ya watse. Na tafi bakin teku na yi ta kurkure baki da ruwan gishiri.

Sai da jirginmu ya ɗaga, garin yana ƙanƙancewa a bayanmu, na ba wani dattijo mai aiki a kicin ɗin jirgin labari, mutumin wasu tsibirai ne da ke jin harshen Fotugis. Da alfahari ma nake faɗa. Ya ce in maimaita abin da ta ce, na maimaita. Ya ajiye wuƙarsa ya dube ni. Ya ce kalmar farko na ji daidai, alade ce, amma ta biyun a harshensu ma'anarta babu. Ya ce mutanen can da kitsen alade suke soya tuwon nan, in ta yi mini da wani mai dabam to don ni ta yi. Nan take komai ya dawo mini. Kaskon sabo ne, a ƙusa dabam take rataye shi, kuma daga kwalba take zuba mai, ba daga tukunyar farin kitsen da take ɗiba wa sauran ba. Ni da nake kuku, kullum ina gani ban lura ba. So take in tafi gida hankalina a kwance. Na fita na riƙe ƙarfen jirgi ina kallon fararen gidajen nan har suka ɓace, na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

Da na dawo Alabar an yi wata guda ana taruwa a ƙofar gidanmu don jin labarin garin da shanu ke jan abin hawa marar ƙafa. Na ba su duka ban rage ba, sai wannan. Mahaifiyata ta tambaye ni ko na tsare bakina, na ce ƙwarai, ta sa mini albarka, ba ta san wadda ta tsare mini shi ba. Malaminmu kaɗai na gaya wa. Ya ce da aladen na ci cikin rashin sani da ba komai a kaina, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ban sake ganin garin ba, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi kyau ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na ɗanɗana. Ku da kuke fita ƙasashen mutane, in kun ji rabin magana ku nemi mai cika muku ita kafin zuciya ta ɗebe ku, kuma ku auna kalma ɗaya da alherin da kuka daɗe kuna gani. Yanzu na tsufa, na yi sadaka iyakar ƙarfina, amma in na ɗaga hannu zan roƙa mata sai in rasa abin da zan kira ta, don ban taɓa tambayar sunanta ba. Sai dai in ce, ya Allah, tsohuwar nan mai kasko, Kai Ka san ta.