Ƙyalle na Arba'in a Bargon Doña Clodomira

A ƙauyenmu na gindin duwatsun Belén babu wanda bai san bargon Doña Clodomira Yapura ba. Tun shekarar da aka kawo ta gidan miji, duk kaka idan ganyen bishiyar nogal ta tsakar gidanta ya soma rawaya, sai ta tsinke shi kafin ya taɓa ƙasa, ta dafa a tukunyar tagulla, ta rina ulun tumakinta, ta saƙa ƙyalle ɗaya ta ɗinka a jikin 'yan'uwansa. Ƙyalle talatin da tara ta haɗa, duka ruwan zuma, ba a rarrabe na bara da na shekarar aure.

A shekara ta arba'in yanar ido ta rufe mata gani. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Nicanor kuwa ya zo daga birnin Córdoba da niyyar ya kulle gidan ya tafi da ita.

"Mama, jiya fa gishiri kika zuba mana a shayin mate," in ji shi.

"Ka shanye kuma, har da lashe baki."

Gardama ta yi tsawo, har suka yanke magana a gaban maƙwabciyarta Doña Ercilia: idan rinin bana ya yi daidai da sauran, zai bar ta a gidanta, idan ya saɓa, za ta shiga mota ba musu. Iska ta riga ta kakkaɓe bishiyar, ganyen da ya rage na tukunya ɗaya ne tak.

Da hantsi aka hura wuta. Clodomira ta zauna kusa da murhu tana bin tururin da hanci, domin tun tana da ido ma da ƙanshi take sanin ganye ya saki ruwansa. Ta tsoma ulun, ta juya da muciya. Can ta ɗiga ruwan rinin a harshe kamar yadda ta saba. A ƙarƙashin ɗacin ganyen akwai wani ɗanɗano kamar na jini.

"Ercilia, tsamo ulun nan! Maza!"

"Haba ƙawata, ko rabin lokacinsa bai yi ba. Rikicin tsufa ne ya motsa?"

"Tsufa a gidanku ya kwana. Akwai baƙin ƙarfe a tukunyar nan. Ulun ya riga ya yi duhu."

Ercilia ta ɗaga muciya. Ulun ya fito launin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta kara shi da bargon, bambancin a fili yake. Clodomira ba ta jira hukuncinta ba. Ta goge hannu a zane, ta miƙe tsaye.

"Magana na yi a gaban shaida. Nicanor, ɗauko mini akwatina."

Nicanor bai motsa ba. Idonsa na kan hannun tukunyar, wanda ya tarar yana lilo ranar da ya iso, ya kafe shi da ƙusoshi biyu ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya san in ya yi shiru, gobe war haka uwarsa na Córdoba kusa da likita, abin da ya kawo shi ke nan.

"Mama, ni na buga ƙusa a tukunyar."

"Na sani. Haka ubanka yake, komai ya gani sai ya buga masa ƙusa."

Tun da ƙusoshinsa ne suka ɓata rinin, ranar Lahadi ya koma Córdoba shi kaɗai, bayan ta yarda zai zo ya kai ta a duba idon idan sanyi ya wuce. Ƙyallen mai duhu kuwa ta saƙa shi, ta ɗinka a kusurwar da take ja zuwa haɓarta. Baƙin ƙarfe yana sa ulu kaushi, saboda haka a duk bargon shi kaɗai take ganewa da hannu.