Rijiyar Bawa, Kufan Bawa, Tungar Bawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Mamman, direban da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Konni da Illela. Abin da ya bar mana littattafan lakwal uku ne, irin na 'yan makaranta, cike da sunayen zuriyarmu: wa ya haifi wa, a ina aka haife shi, a ina aka binne shi.

Bara na ɗauki aikin shigar da su cikin kwamfuta. Aikin rediyo ya saba mini da ƙa'ida guda: wuri ɗaya, suna ɗaya. Konni da ya rubuta iri uku na mai da ita Birnin Konni, babu wanda ya yi asara. Sai na iske wasu sunaye uku a yankin Dogarawa: Rijiyar Bawa, Kufan Bawa, Tungar Bawa. Takardun buro, wato na ofishin gwamnati, Tungar Bawa kaɗai suka sani. Na haɗe su a kanta, na ji daɗin tsabtar aikina.

Na kai wa ƙanwar Kawu, Gwaggo A'i, a Illela, ina karanta mata. Ta tsayar da ni.

"Kai ɗan nan, mi ka yi? Ka ɗauke uwata ka kai ta garin da ba ta taɓa kwana ba?"

Ashe Rijiyar Bawa ce tsohon mazauninmu. Da rijiyar ta rufta, mutane suka tashi suka kafa Tunga, tafiyar hantsi daga can, tsohon wurin ya koma Kufan Bawa. Amma tsofaffi suka bar wasiyya a riƙa mai da gawarsu kufai, kusa da iyayensu. Kawu bai yi kuskure ba. Kowane suna yana faɗin inda mutum yake kwance. Garin neman gira na rasa ido.

Na koma ga littattafan in gyara, na tarar gara ta cinye rabin na biyu a ɗakin da na ajiye shi da damina.

Me Kawu zai ce da ya ga wannan zamani, da taɓa maɓalli ɗaya ke tayar da maƙabarta guda? Shi da yake tsayar da mota cike da fasinja don ya tambayi tsohuwa sunan kakarta? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Kallona zai yi, ya miƙo mini makullin mota.

Tun daga nan kowace Lahadi ina Illela. Gwaggo na tunawa, ina mayarwa. Wata rana ta ba ni mutum biyar, wata rana ta ce kanta ya gaji. Ƙarfinta na raguwa, ni kuma ba na samun sukuni.

Saura mutum goma sha ɗaya. Ban cike musu Tunga ba. A gaban kowannensu na rubuta abin da Kawu kan rubuta in ya tambaya bai samu ba: "Ban sani ba tukuna."